Gwaggo Ba ta Sayarwa Ba Ce

Duk wanda ya saba bin layin bayan tashar PK8 a Libreville da hantsi, ƙafafun Sakinatu ya fara sani kafin fuskarta. Ƙafafu ne cikin tsohon wandon mijinta, sun leƙo daga ƙarƙashin wata farar mota mai dogon baya, ta ɗaura zane a kai don kada 'yan gulma su samu abin faɗa. In ka yi sallama, daga can ƙarƙashi za a amsa maka, a ce ka shiga kanti ka ɗauki abin da ka zo nema, tana zuwa.

Motar sunanta Gwaggo. Malam Audi, mijin Sakinatu, shi ya raɗa mata sunan, wai don ta girmi duk motocin layin, kuma ba ta tashi sai an lallaɓa ta. Agogon da ke ƙirga tafiyarta ya gaji ya tsaya tun 'yarsu Khairat tana firamare, ga shi yanzu Khairat tana ɗakin mijinta a Port-Gentil har da goyo. Gwaggo ta ɗauko buhunan shinkafa daga Lalala, ta kai masu naƙuda asibiti, ta kai amare, ta raka gawa, rago kuwa ana gobe Sallah ba a magana. A duk tsawon shekarun nan Malam Audi bai taɓa bari wani makanike ya sa mata hannu ba. Shi ke juye mata baƙin mai, shi ke wanke filogi, shi ke ɗaure birki. Da la'asar kuma ya ɗauko wani katon tampol kore ya lulluɓe ta ruf, ya ɗaure da igiya har tayoyi. Haka ya ga mahaifinsa yana yi wa tasa motar a Gumel, inda rana ke fasa fenti, awaki kuma su hau bisa su yi ta tsalle. Ko da rana tsaka ne, da hadari ya haɗo zai bar mai ciniki a tsaye ya ruga ya rufe Gwaggo.

Sai hawan jini ya kayar da shi bara, ya shanye masa ɓarin dama, ya karkatar masa da baki. Magana ta koma sai kalma ɗaya, ita ma da ƙyar. Likita ya ce a riƙa kai shi gashi da motsa gaɓoɓi, abin da mutanen garin nan ke ce wa kine, duk Talata da Juma'a, kada a kuskura a yi fashi. To wane direban taksi ne zai tsaya wa mai keken guragu a PK8, alhali ga masu ƙafa suna ture juna a bakin titi? Ko kallo ba ka ishe su ba. Gwaggo ce ta zame wa Malam Audi ƙafafu. Tuƙi dai Sakinatu ta iya tun da daɗewa, shi ya koya mata ana ta surutu. Gyara ne ta koya yanzu, a dole. In wani abu ya lalace sai ta kwance shi ta kai masa ɗaki, ya juya shi da hannun hagu, ya nuna mata da yatsa, ya yi gurnani in ta ɓata. Da haka ta canza fanbel, ta wanke kafireta, ta like lagireto. Wahalar kuma ba ta tafi a banza ba, don yatsunsa na dama sun fara motsi kaɗan-kaɗan, mai kine har tafa masa take yi.

Wata Talata suna dawowa, ana tsuga ruwa, Gwaggo ta faɗa rami a gangaren nan da kwalta ta ɓare, ji kake ƙwaram! Daga nan sai wata ƙara ta biyo baya, shuuu, kamar ana jan buhu a ƙasa. Sakinatu ta ɗauka salansa ce ta faɗo, har ta fara mita. Da ta waiwaya sai ta ga Malam Audi zaune abinsa yana kallon ruwa, amma ƙafarsa ta dama ta nutse cikin ƙasan motar har ƙwauri. Ƙarfen da yake takawa ne ya ɓurme, ƙafar tana jan titi, shi kuwa bai ma sani ba, tunda ba ta jin komai.

Ta taka birki a tsakiyar hanya. Masu taksi suka yi ta danna mata oda suna zagi da Faransanci, ko ta kansu ba ta bi ba. Ta zagayo cikin ruwan, ta durƙusa, ta zaro ƙafar a hankali. Takalmin ya tafi, diddigen ya saɓule yana jini. A nan ne Sakinatu ta ji tsoron da ba ta ji ba ko ranar da ya faɗi.

Kafin la'asar labari ya kai unguwar Alibandeng, inda Taufiƙ ƙanin Malam Audi yake da shagon wayoyi. Ya shigo ko sallamar kirki bai ƙarasa ba, ya tsaya a kan wansa yana kallon bandejin.

"Yaya Sakinatu, mota ce ta ci masa ƙafa haka? Innalillahi! Yau diddige ne, gobe kuma fa?"

"Tsautsayi ne, Taufiƙ. Zan gyara."

"Ki gyara me? Na leƙa, ai ramin da ke motar nan yaro zai wuce ta ciki. Gwaggo ta gama nata. Shi ma Yaya ai..."

"Ƙarasa mana," in ji ta. "Shi ma me?"

Bai ƙarasa ba, sai ya zayyano abin da ya riga ya shirya tun a hanya. Za a sayar da Gwaggo wa 'yan kas, masu sayen matattun motoci su farke su sayar da kayan ciki. Za a sayar da kantin. Su biyu za su hau jirgi su koma gida Gumel, dangi su kula da mara lafiya, kowa ya huta.

"A Gumel wa zai yi masa kine?" ta tambaye shi. "Shimfiɗa masa tabarma za a yi a ƙuryar ɗaki, a yi ta zuwa ana cewa sannu har ya mutu. Yatsunsa fa sun fara motsi!"

"Ba mota, ba kine ko a nan ɗin. Ki sauko da adakar Inna ki fara haɗa kaya. Ranar Juma'a in an sauko masallaci zan zo da Malam Sali da mai saye."

Malam Sali dattijon 'yan kasuwa ne, mutumin Garwa, wanda in ya yanke magana a tsakanin baƙin garin nan ba mai tsallakewa. Taufiƙ ya san abin da ya sa ya ambace shi. Duk wannan cacar bakin a kan Malam Audi aka yi ta, yana kwance yana bin su da ido, ba wanda ya ce masa kai me ka gani. Kada kuma ka ce Taufiƙ mugu ne. Shi ya yi jinyar wansa a asibiti, shi ya riƙa ɗaga shi yana wanke shi. Tsoro ne ya kama shi, shi kuwa irin mutanen nan ne da in sun tsorata sai su hau ba da umarni.

Washegari da hantsi Sakinatu ta fito da niyyar ganin iyakar ɓarnar. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne, ita fa kullum tana ƙarƙashin motar nan, ba ta taɓa ganin tsatsa ba. Ƙasan baƙi ne wuluk, don duk baƙin man da aka juye, Malam Audi shafe shi yake a nan. To ta ina ɓarawon ya shiga? Ta kwance igiya, ta ja tampol ɗin, sai ruwa ya zubo mata a ƙafa. Ta tsaya tana mamaki, don bayan tampol ɗin a bushe yake. Cikinsa ne ya jiƙe sharkaf, yana ɗiga. Gilasan motar sun yi gumi, da ta buɗe ƙofa wani wari na funfuna ya bugi hancinta. Ta kama kafet ɗin ƙasa ta ɗaga, ya taso da nauyi kamar tsumman wanke-wanke, ƙarfen da ke ƙarƙashinsa kuwa ya zama ja, yana marmashewa a hannu. Ashe daga ciki aka ci ta.

Ta ɗaga kai ta dubi tsallaken layi. Motar wata malamar asibiti 'yar Gabon tana nan inda take kwana kullum, a buɗe, ruwa ya dake ta jiya, amma rana ta riga ta busar da ita tas.

Hadidja, maƙwabciyarta mai sayar da turare, ta matso tana riƙe haɓa. "Kayya, Maman Khairat! Haka ta maigidana ta yi, ƙasan ya zube. Ta Alhaji Ismaïl ma haka. Duk motocin da ke jere a bayan masallaci ciwonsu ke nan. An ce iskar teku ce."

"Na bayan masallaci, waɗanda ake rufewa da tampol?"

"Su fa."

"To ita iskar tekun motocin Hausawa kaɗai ta sani? Ga ta malamar asibiti can, ba teku ɗaya muke shaƙa ba?"

Hadidja ta juya ta dubi motar malamar. Kai jama'a! Shekara da shekaru mutane sun baro ƙasar rana sun zo ƙasar da ruwa ke sauka kamar ba gobe, suna ta rufe mota a jiƙe suna ɗaurewa da igiya, tana dahuwa a ciki, su kuwa suna ganin gata suke mata. Tun da Malam Audi ya kwanta ma abin ya ƙaru, don in ba ranar kine ba ko ranar gyara, Gwaggo a lulluɓe take wuni.

Sakinatu ta yago guntun kafet ɗin ta nufi ɗaki. Da ta tura ƙofa sai ta tsaya cak. Taga a rufe, labule a sake, maigidanta cikin bargo har wuya. Ita ta mai da shi haka da hannunta, don kada iska ta taɓa shi, don kada mutane su ga bakin da ya karkace su yi masa kallon tausayi. Ko kine ta ƙofar baya take fitar da shi. Warin da ke ɗakin da wanda ke hannunta duk ɗaya ne. Kunya ta kama ta, haushin kanta kuma ya fi kunyar.

Ta zauna a bakin gado ta miƙa masa kafet ɗin. "Baban Khairat, mu muka cuce ta. Tampol ɗin nan ne. Ruwa yake tara mata a ciki."

Ya matsa kafet ɗin da hannun hagu, ruwa ya ɗiga a kan bargo. Ya daɗe yana kallonsa. Wannan fa mutum ne da ya sha yi wa maƙwabta gori a kan ba su san darajar mota ba, suna barin ta a tsirara. Hawaye ya gangaro masa ta ido ɗaya. Ya yi ta kokawa da harshensa, can ya fitar da kalma.

"Yaye."

"Na riga na yaye," in ji ta. Ta miƙe ta zuge labule, ta banka tagar har ta bugi bango.

Daga nan ta koma wa Gwaggo da guduma. Ta shiga ƙarƙashi ta bi ƙashin motar tana ƙwanƙwasawa, manyan ƙarafan nan da komai ke zaune a kansu. Ko'ina ta buga sai ya amsa mata da ƙara mai kyau, inda kujera take ɗaure ma lafiya lau. Alhamdulillahi, baƙin man Malam Audi ya yi rana. Faifan da ake takawa ne kawai ya ruɓe, daga gindin kujera zuwa gaba. Ta hau taksi ta tafi Lalala neman ƙarfe. Wani ya nuna mata kwanon rufi, ta lanƙwasa shi da hannu ɗaya ta mayar masa. Wani mai walda ya dube ta sama da ƙasa ya ce, madam, irin wannan mota ai kas ake kai ta. Ta ce masa ta gode, Allah ya ba shi masu sabbin motoci. Noti kawai ta sayo cikin leda, da jan fenti mai hana tsatsa, da dunƙulen kwalta.

Da ta dawo, ta yi wa Taufiƙ biyayya a abu ɗaya: ta hau kujera ta sauko da adakar Inna daga kan kabad. Akwatin ƙarfe ce irin ta dā, shuɗiya, an zana mata jajayen furanni. Surukarta Inna ce ta ba ta ranar da za ta biyo miji ƙasar nan. Kusan kowane gidan Bahaushe a Libreville akwai irinta a sama, cike da kayan da ba a taɓa sawa ba, an ajiye wai sai ranar komawa gida. Sakinatu ta buɗe. Ga atamfofin da ba a ɗinka ba, ga babbar rigar Malam Audi mai aiki, su ma funfuna ta ɗiɗɗiga musu baƙi. Ta juye su a kan gado, ta ƙwanƙwasa murfin da bayan yatsa, ta sake ƙwanƙwasawa. Wannan ƙarfe ne na gaske, ko babban mutum ya hau ba zai lotsa ba.

Ta dubi mijinta, shi ma ita yake kallo. Rabin bakinsa mai rai ya ɗaga, kafaɗarsa ta fara girgiza. Tun da ya kwanta, ran nan ne ta fara ganin dariyarsa.

"Amma fa ba zan riƙa kawo maka mota ɗaki ba," in ji ta. "Fitowa za ka yi ka tsaya a kan aikinka."

Ta sa masa hula, ta ɗora shi a keke, ta turo shi ta ƙofar gaba har gindin rumfar kanti. Masu zaman teburin mai shayi suka yi tsit, sai kuma suka taso ɗaya bayan ɗaya. Malam Audi, ashe kana nan! Sannu da jiki! Wasu suka kau da kai daga bakinsa, wasu suka zura masa ido. Shi dai ya miƙa musu hannun hagu, ya nuna musu gefe, wato su kauce suna tare masa mota.

Aiki ya kankama. Ta kwance kujerar gaba ta fitar, ta ɓalle kafet ɗin gaba ɗaya ta jefar. Ta bi ruɓaɓɓen ƙarfen da kurfi da guduma tana yankewa, tana son tsayawa da wuri, shi kuwa yana buga hannun keke yana nuna mata gaba, gaba, sai da ta kai inda ƙarfe yake fari. Ta goge bakin da burushin waya har hannunta ya sage, ta shafa jan fenti. Ya sa ta shimfiɗa kwali a kan ramin ta zana, ya nuna mata ta bar faɗin tafin hannu ta kowane gefe. Sannan ta ɗora kwalin a kan murfin adaka, ta ce bismillah, ta sa zarto.

Kai, zarto ya ci ƙarfen Inna da ƙyar! Haƙoransa suka ƙare, ta sa wani. Tafin hannunta ya yi ƙuraje, suka fashe, ta ɗaure da tsumma ta ci gaba. 'Yan teburin shayi sun samu sinima kyauta. Wani ya ce, madam makanike, in kin gama ki zo ki like mini tukunya. Ta ce ya kawo har da bakinsa, duk ta haɗa ta like. Wani dattijo ya ce wannan ba aikin mace ba ne. Ta miƙa masa zarton, ya ce shi bayansa ke ciwo.

Ran Alhamis Hadidja ta rufe teburin turarenta ta kawo injin huda ƙarfe na mijinta. Malam Audi ya riƙa auna musu tazarar huda da yatsu uku. Suka narka kwalta a tsohuwar tukunya suka shafe bakin ramin, suka ɗora murfin tun da zafinsa. Hadidja tana sama ta riƙe sifana, Sakinatu tana ƙasa tana ɗaurewa, kwalta tana ɗigo mata a ɗankwali. Murfin bai isa ya rufe har gaba ba, sai da suka ƙara da gefen adakar, suka lanƙwasa shi a kan dutsen bakin kwata. Ba wanda zai ce aikin ya yi kyan gani. Amma da suka gama, Hadidja, wadda ba ƙaramar mace ba ce, ta hau da ƙafa biyu ta yi tsalle, motar duka ta girgiza, faifan ko gezau.

Ran Juma'a ana saukowa masallaci sai ga su. Taufiƙ a gaba, Malam Sali da sandarsa a baya, sai ɗan kas da motar ja, har ya fara kwance sarƙa. Suka tarar da Gwaggo a wanke, ƙofofi a buɗe tana shan rana, Malam Audi kuma zaune a ƙofar kanti cikin babbar rigarsa mai aiki, an wanke an goge.

Taufiƙ ya yi turus. "Wa ya fito da shi cikin iska?"

"Ni," in ji Sakinatu. Ta rusuna ta gaida Malam Sali. "Baba, sannu da zuwa. Kafin a yi ciniki, a leƙa kayan tukuna."

Taufiƙ ya leƙa ta ƙofar gaba. Inda ramin yake, jajayen furanni ne a kan shuɗin ƙarfe, noti ya zagaye su. Ya gane su nan take.

"Adakar Inna ce wannan! Adakar Inna kika yanka?"

"Ka ce in sauko da ita, na sauko da ita. Hau ka taka."

"Yaya Sakinatu, wannan ai hauka ne."

"Na ji. Hau ka taka, Taufiƙ. In ta lotsa, ga mota ga mai ja, ni da kaina zan ɗaura sarƙar."

Mutane sun taru, ba damar ƙi. Ya sa ƙafa ɗaya, ya ƙara ta biyu, ya danna, ya buga da diddige, ya sake bugawa da haushi. Malam Sali ma ya zura sandarsa ya ƙwanƙwasa, ya leƙa ƙarƙashi iyakar yadda bayansa ya yarda, ya miƙe yana gyaɗa kai.

"Yau ƙasa ce, gobe wani abin ne zai ɓalle," in ji Taufiƙ. "Baba, ka faɗa mata. Motar nan ta tsufa."

"Ta tsufa," in ji Sakinatu. "Gobe in wani abin ya ɓalle, gobe zan gyara shi. Ban ce maka sabuwa ce ba. Cewa na yi ba ta mutu ba, kuma ba za a binne ta da rai ina kallo ba."

Malam Sali ya ɗaga hannu, kowa ya yi shiru. "Ni an ce mini mara lafiya ba ya magana, shi ya sa na zo in yi magana a madadinsa. To ga shi ina gani zaune da hularsa." Ya ja kujera ya zauna daf da keken. "Audi, mota taka ce, jiki naka ne. Me ka ce?"

Taufiƙ ya durƙusa a gaban wansa, idonsa ya kawo ruwa. "Yaya, don Allah. Ni tsoro nake ji. Ga shi ma ta yanka adakar, ranar tafiya a me za ku zuba kaya?"

Malam Audi ya dube shi. Jijiyoyin wuyansa suka tashi, leɓensa ya yi ta rawa, ba wanda ya taya shi, ba wanda ya ƙarasa masa. Sakinatu ta dunƙule hannunta mai tsumma har ya yi mata zafi.

"Ba... tafiya."

Ya huta, ya ja numfashi. Sannan hannunsa na dama, wanda aka ce ya mutu, ya ja jiki a kan cinyarsa, yatsa ɗaya ya ɗago ya nuna Gwaggo.

"Kine."

"To kun ji," in ji Malam Sali, ya dafa sanda ya miƙe. "Ni ban da abin ƙarawa."

Ɗan kas ya fara mita da Faransanci, wai an ɓata masa lokaci da mai. Sakinatu ta shiga kanti ta kinkimo tampol ɗin a naɗe, ta jibga masa a bayan motarsa. "Kada ka koma hannu wofi, ga wannan kyauta. Shi ne abin da ya mutu a gidan nan."

Ta juyo za ta ɗaga mijinta, sai ta tarar Taufiƙ ya riga ta. Ya rungumi wansa ya sa shi a kujera, ya kama ƙafar mai bandeji da hannu biyu ya ɗora ta a kan furannin Inna, ya gyara mata zama. Ya naɗe keken ya sa a baya, shi ma ya shige.

Sakinatu ta murɗa makulli. Gwaggo ta yi tari ta yi shiru. 'Yan teburin shayi suka ce ayya! Ta sake murɗawa, ko tarin ma babu. Taufiƙ ya buɗe baki daga baya, ta harare shi ta madubi, ya rufe. Ta fita, ta ɗaga bonet, ta ɗauki sifana ta ƙwanƙwashi kan batir, ta ƙara ɗaure shi, ta dawo ta zauna. Wannan karon Gwaggo ta ɗauka da ruri, hayaƙi ya turnuƙe masu shayi.

Malam Audi ya ɗaga ƙafarsa mai lafiya ya buga murfin adakar da ƙarfi, ya sake bugawa. Sakinatu ta sa giya, ta danna wa motar ja oda ta ba ta hanya, don an kusa rufe kine.